Lamba Ba Ta Ɗumama Jariri

Dare goma sha ɗaya na yi ina saƙa ta,
zare shuɗi, mai laushin kunnen ɗan akuya,
a ɗakina na Rikkos, sanyi na leƙowa ta ƙasan ƙofa,
ƙafata cikin safa biyu, kaskon wuta na gyangyaɗi.
Riga, da hula, da takalma kamar ƙwan zabo.

Mai sayen ban taɓa ganin ta ba.
Hoto ta gani a waya, ta ce, "Nawa?"
Rifkatu, daga Kubwa, ciki wata takwas.
Ta turo kuɗi tun ban ɗaure ƙullin ƙarshe ba.

Ran Talata na kai gidan waya.
Dung ya ɗora a sikeli, ya buga hatimi,
ya yago mini 'yar takarda mai doguwar lamba.
"Kwana huɗu," in ji shi, "in ta yi tsanani, biyar."

Yau kwana ashirin da shida.

Zuwan farko suka ce ya bar Jos.
Na biyu suka ce bai shiga Abuja ba.
Na uku Dung ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa,
ya ce, "Daga nan zuwa Akwanga kwana-kwana ta yi yawa,
ni kuma ba na bin mota."
Kaya dai ya sauka tsakanin "ya tafi" da "bai iso ba",
garin da babu mai unguwa.

Yayana Sabi'u, mai shago a Taminus,
ya ce, "Ke kin fita. Ba ga rasit ba?
Ɗauki hotonsa ki tura mata.
In kaya ya bar hannu, ya bar wuya.
Kowa haka yake yi."

Na kuwa ɗauki hoton.
Dubu goma sha takwas ba ganyen mangwaro ba ne.
Na sayi gawayi, na biya wa Zinatu kuɗin jarrabawa,
abin da ya saura bai kai kuɗin zare ba.
Kuma ba ni na ɓatar ba.
Allah ya sani, Dung ma ya sani.

Yatsana na kan turawa, saƙonta ya riga nawa,
murya ƙasa-ƙasa, irin ta mai jego:
"Na sauka jiya. Namiji.
Ba wai ina matsa miki ba ne..."
A bayanta wani ɗan kuka,
siriri, kamar zaren da na fara da shi.

Ita ina ta san Dung?
Ni na zaɓi hanya, ni na miƙa, ni aka ba lamba.
Ba hatimi ta saya ba,
ba "a yi haƙuri, ana bincike" ba.
In ka aiki yaro ya zubar da miya a hanya,
ba ka ce wa baƙo ya je ya lashi ƙasa.

Ni da gidan waya da sauran magana.
Na cike takardunsu, zan yi ta zirya
har matakalar ta gane ƙarar takalmina.
Wannan shari'ata ce, ba ta mai jego ba.

Na goge hoton. Na rubuta:
"Barka da arziki. Zaɓi ɗaya:
kuɗinki, ko sabuwa nan da Juma'a ta sama."
Ta ce riga.
Ta ce a ɗan ƙara faɗi, yaron ba ƙarami ba ne.

Shuɗi ya ƙare a kasuwa, sai ruwan toka.
Sabi'u ya ce da wannan halin ba zan yi arziki ba.
Wataƙila.

Ta farkon kuwa, nakan tuna ta:
ko tana cikin buhu a wani sito, ɓera na shinshina,
ko wani ya kai gida, ya ce tsintuwa ce.
In jariri ne ya sa ta, Allah sa ta yi masa daidai,
don na sassauta wuyan saboda kada ta shaƙe.

Wuta ta ɗauke.
Zinatu, haska mini nan.
Ɗaya, biyu, uku, juya kwarashi.